Yadda Ake Saita Sifikar Bluetooth Domin Amsa Waya a Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Gombe ya san irin direban da nake nufi. Hannu ɗaya yana kan sitiyari, ɗayan ya manna waya a kunne, ko kuma ya matse wayar tsakanin kafaɗa da kumatu domin ya samu damar canja giya, wuyansa a karkace, motar kuma tana lilo tsakanin hannunsa da hannun masu tahowa. An ƙera ƙaramar sifikar Bluetooth ta mota ne domin ta raba direba da wannan hali. Na'ura ce da girmanta bai wuce tafin hannu ba, a cikinta akwai lasifika da makirufo da batir, kuma tana karɓar kira daga waya ba tare da igiya ba, ta yadda mutum zai ji muryar mai kiransa a fili, ya ba shi amsa, alhali wayar tana cikin aljihu. Na shafe shekaru ina amfani da irinta a tafiye-tafiyena, na ji daɗinta, na kuma ga inda take yaudarar mai ita.

Kafin a kai ga yadda ake saita ta, wajibi ne a faɗi abin da masu sayar da ita ba su cika faɗa ba. Dokokin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na shekarar 2012 sun hana direba yin kira ko amsa kira ta kowace siga muddin motarsa tana tafiya, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun sha bayyana cewa hanin ya haɗa da na'urorin da ba a riƙewa a hannu. A jadawalin laifuffukan da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, amfani da waya yayin tuƙi yana jawo tarar naira 4,000 da maki 4 a kan lasisin direba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta bayyana cewa direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma na'urorin da ba a riƙewa a hannu ba su rage wannan haɗarin sosai ba. Dalili a bayyane yake: sifikar tana sakar maka hannu ne kawai, hankalinka kuwa yana can wurin mai magana, taura biyu kuma ba sa taunuwa lokaci guda. Saboda haka duk abin da zan bayyana a nan an gina shi ne a kan cewa za a yi saitin gaba ɗaya mota tana tsaye, sannan a kan hanya amfanin na'urar shi ne ka san wanda ke kira ba tare da ka duba waya ba, ka katse kiran da danna maɓalli ɗaya, ka nemi wurin tsayawa idan maganar ta zama dole.

Zaɓen wadda ta dace da motarka

Mataki na farko shi ne ka duba motarka kafin ka duba kasuwa. Motoci da dama da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan suna zuwa da Bluetooth a cikin rediyonsu, kuma idan ka ga maɓalli mai hoton kan tarho a jikin sitiyari, to da alama ba ka buƙatar sayen komai. Amma yawancin motocin da ke yawo a titunan Bauchi na hannu ne, irin su tsofaffin Golf da Corolla da Peugeot 406, waɗanda aka ƙera tun kafin wannan fasaha ta zama ruwan dare a cikin mota. Masu irin waɗannan motoci suna da zaɓi uku.

Akwai wadda ake maƙalawa a jikin makarin rana, wato ɗan allon nan da ke saman gilashin gaba wanda direba ke saukewa idan rana ta dame shi. Tana da lasifikarta da batirinta, ba ruwanta da rediyon mota, kuma ita ce na fi ba da shawara a kanta domin makirufonta yana kusa da bakin direba. Kamfanoni irin su Jabra da Avantree sun yi suna wajen ƙera wannan samfurin. Akwai kuma wadda ake sokawa a ramin kunna sigari, tana karɓar sauti daga waya ta watsa shi zuwa rediyon mota ta zangon FM. Ita ce ta fi yawa a shagunan kayan waya, ta fi araha, tana kuma da ramin cajin waya, sai dai makirufonta yana can ƙasa kusa da giya, nesa da baki, don haka wanda ke ɗaya ɓangaren yakan ji ka kamar kana magana daga cikin rijiya. Ta ukun ita ce 'yar ƙaramar da ake sokawa a ramin AUX na rediyo, wato ɗan ramin da ake soka igiyar sauti, idan rediyon yana da shi. Sautinta ya fi na mai FM tsabta, amma ita ma kusancin makirufonta da baki ya danganta da inda ramin yake.

A wurin saye, kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali kawai, musamman yawan awannin da aka ce batir yana yi, domin jabun kaya sun yi yawa kuma araha ba ta ado. Ka nemi mai shago ya buɗe ta a gabanka, ka haɗa ta da wayarka nan take, ka kira wani da ka yarda da shi ka tambaye shi abu biyu: shin yana jin ka sosai, kuma shin yana jin muryarsa tana dawo masa? Wannan amsa-kuwwa ita ce babbar alamar na'ura maras inganci, domin mai kyau tana da tsarin da ke hana makirufo sake ɗaukar sautin da ke fita daga lasifikarta. Ka kuma duba girman maɓallin amsa kira. Maɓallin da sai ka kalle shi kafin ka same shi ba shi da amfani ga direba; wanda ake so shi ne babba, wanda yatsa zai lalubo shi ido yana kan hanya. Idan kana riƙe da waya biyu, kamar yadda 'yan kasuwa da yawa suke yi, ka tambayi wadda ke iya haɗuwa da waya biyu a lokaci ɗaya. Direbobin manyan motoci kuma su lura cewa wutar tirela da manyan gingimari bolt 24 ce, ta ƙananan motoci kuwa bolt 12, saboda haka sai an tabbatar cajar ko na'urar da za a soka a ramin sigari tana ɗaukar duka biyun.

Caji da haɗawa da waya

Da ka kawo ta gida, ka fara cika mata caji kafin komai, da igiyar da ta zo da ita, har sai fitilarta ta nuna ta cika. Mafi yawansu suna cika cikin awa biyu zuwa uku. Batir mai rauni yana sa haɗi ya riƙa yankewa, sai mutum ya ɗauka na'urar ce ba ta da kyau alhali yunwa ce ke damunta.

Haɗawar farko a zaune ake yin ta, a ɗaki ko a cikin mota a fake, kuma sau ɗaya ake yi. Ka ajiye wayar da sifikar kusa da juna. Bluetooth yana aiki ne da gajeren zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma irin wanda ke cikin waya da waɗannan na'urori yakan kai kimanin mita 10, amma a lokacin haɗawa gara su kasance dab da juna. Ba ya cin data, ba ya cin kati. Mutane da yawa suna kashe shi saboda wannan tsoron, alhali abin da yake ci kawai shi ne ɗan cajin waya.

Ka danne maɓallin kunna sifikar, kada ka saki da zarar ta kunnu, ka ci gaba da dannewa na wasu daƙiƙu har sai fitilar ta fara ƙyaftawa da sauri. A yawancinsu launi biyu ne ke musanyawa, ja da shuɗi, wasu kuma suna sanarwa da murya cewa sun shirya haɗuwa. Sabuwar da ba a taɓa haɗa ta da wata waya ba takan shiga wannan yanayin da kanta tun kunnawar farko. Daga nan ka shiga saitin wayarka, ka nemi wurin da aka rubuta Bluetooth, ka kunna shi. A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung za ka ga inda aka rubuta Pair new device ko Scan, sai ka taɓa shi. A iPhone kuwa wayar tana fara nema da kanta da zarar ka buɗe shafin. Sunan sifikar zai bayyana a cikin jerin na'urorin da ke kusa, kuma yawanci sunan kamfani ne ko lambar samfurin da ke rubuce a jikin kwalin. Ka taɓa sunan. Idan wayar ta nemi lambar sirri, abin da tsofaffin samfura ne suka fi yi, ka gwada 0000, idan ba ta karɓa ba ka gwada 1234.

Wayar za ta iya tambayarka ko ka yarda na'urar ta ga sunayen da ke cikin wayarka da tarihin kiranka. Idan sifikarka mai ambaton sunan mai kira ce, sai ka amince, domin ta haka ne za ta iya faɗa maka wanda ke nemanka. Idan motar haya ce ko ta ofis wadda wasu ma ke tuƙawa, kuma rediyonta ne kake haɗawa da wayarka, gara ka ƙi, domin sunayen suna iya zama a cikin rediyon bayan ka sauka.

Akwai ƙaramin mataki da mutane da dama ke tsallakewa, daga baya su yi ta ƙorafi. Bayan an haɗu, ka taɓa alamar saiti da ke gefen sunan sifikar a cikin wayar Android. Za ka ga maɓallai biyu, ɗaya na kira, ɗaya na sautin kiɗa da bidiyo. Waɗannan hanyoyi biyu ne daban a tsarin Bluetooth: ta kira ana ce mata HFP, ta kiɗa kuma A2DP. Idan na kira a kashe yake, za ka ji karatun Alƙur'ani ko labarai suna fita ta sifikar lafiya lau, amma da kira ya shigo sai sautin ya koma kunnen waya. Ka tabbatar na kira a kunne yake. Na kiɗa kuwa zaɓinka ne. Ni nakan bar shi a kunne saboda muryar taswirar Google mai nuna hanya ta nan take fitowa.

Mai amfani da samfurin FM yana da ƙarin aiki ɗaya. Ya kunna rediyon mota, ya nemi zango tsakanin 87.5 da 108 wanda babu tashar da ke magana a kansa sai shuuu kawai, sannan ya saita na'urar a kan daidai wannan lambar, ya adana zangon a ɗaya daga maɓallan rediyon. Ya kuma sani cewa zangon da babu kowa a kansa a cikin garin Bauchi yana iya zama na wata tasha idan an kusa Gombe ko Jos, don haka yana da kyau ya tanadi zango biyu tun daga gida.

Inda za a maƙala ta

Wurin da aka sa na'urar ya fi tsadarta tasiri a kan ingancin murya. Mai maƙali a sa ta a makarin rana na ɓangaren direba, makirufon yana fuskantar bakinsa, tazarar da ke tsakani ba ta wuce kamu ɗaya ba. A matsar da ita zuwa ɓangaren madubin tsakiya maimakon ɓangaren taga, domin iskar da ke shigowa ta taga ita ce babbar abokiyar gabar makirufo. A nan ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, tun da motoci da yawa na'urar sanyaya iskarsu ta daɗe da mutuwa, gilasai a sauke ake tafiya. A gudun kilomita 80 da taga a buɗe, babu sifikar da za ta isar da muryarka yadda ya kamata, komai tsadarta. Wanda na'urar sanyinsa ke aiki shi ma ya kula kada ramin iskar ya riƙa hura makirufon kai tsaye.

Bayan ka maƙala ta, ka sauke makarin ka mayar da shi sau biyu ko uku, ka ga ko za ta zame, domin da yamma idan ka nufo Bauchi daga Gombe rana tana dukan fuskarka kai tsaye kuma dole ka sauke shi. Na'urar da ta faɗo a kan cinyar direba ko ta gangara ƙarƙashin birki ta fi wayar da ke kunne haɗari. Kada a manna ta a tsakiyar sitiyari ko a kan dashbod ɗin da ke gaban fasinja, saboda a nan jakar iska take, kuma idan ta fashe a lokacin karo za ta wurgo duk abin da ke kanta da ƙarfin gaske. Idan akwai igiyar caji, a bi da ita ta gefen rufi da bayan madubi, kada ta riƙa reto a gaban ido ko ta naɗe sandar giya.

Gyaran da wayar ke buƙata

Kusan kowa a nan yana da layi biyu a waya ɗaya, kuma wannan yana kawo cikas da ba a rubuta a takardar bayanin na'urar ba. Idan ka saita wayar ta riƙa tambayarka layin da za ta yi kira da shi kowane lokaci, to duk sanda ka danna maɓallin sake kiran lambar ƙarshe a jikin sifikar, wayar za ta iya tsayawa tana jiran ka zaɓi layi a kan allonta, ka ga ke nan dole ka ciro ta daga aljihu. Ka shiga saitin katin layi ka zaɓi ɗaya ya zama na kira kai tsaye.

Abu na biyu shi ne sanarwar saƙonni. Wanda yake cikin zaurukan WhatsApp goma, kuma ya bar sautin kiɗa a kunne, zai riƙa jin ƙarar kowane saƙo ta sifika, kowace ƙara kuma tana jan ido zuwa waya. A iPhone akwai tsarin da ke rufe sanarwa yayin tuƙi, wanda kamfanin Apple ya shigo da shi a 2017, kuma ana iya saita shi ya kunna kansa. A Android akwai Do Not Disturb, inda za ka iya rufe saƙonni ka bar kiran wasu zaɓaɓɓun mutane kaɗai ya shigo, misali iyaye da iyali. Wasu wayoyi da sifikoki suna da tsarin amsa kira da kansu bayan ƙara biyu ko uku. Ban ga hikimar kunna shi ba. Yana nufin kowa zai iya faɗowa cikin motarka da magana a daidai lokacin da kake ƙoƙarin wuce tirela, kuma zai ji duk abin da ake faɗa a motar kafin ka ankara.

Kira da umarnin murya yana aiki, amma manhajojin da ke sauraron umarnin ba su cika gane sunayenmu ba, musamman masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a adana mutum biyu ko uku da aka fi kira da gajerun sunaye masu sauƙin furtawa, a gwada su a gida har a tabbatar manhajar tana kama su. Ka kuma adana lamba 122, layin gaggawa na Hukumar Kiyaye Haɗurra wanda ake kira kyauta, da 112, lambar gaggawa ta ƙasa.

Sai gwaji na ƙarshe, a ƙofar gida: ka tayar da inji, ka rufe ƙofofi, ka zauna yadda kake zama idan kana tuƙi, ka sa wani ya kira ka. Ka daidaita ƙarar murya a jikin sifikar da kuma a wayar, domin a wasu wayoyin kowanne da nasa ma'aunin. Kada ka ƙure ƙarar, saboda ƙurewa ce ke haifar da amsa-kuwwa da karkarwar sauti. Ka rufe ido ka lalubo maɓallin amsawa, ka koyi yadda ake ƙin karɓar kira a samfurinka, wanda a wasu dannewa ne na daƙiƙa biyu, a wasu kuma dannawa sau biyu a jere. Ka maimaita har yatsanka ya haddace.

A kan hanya

Kullum kafin ka saki birkin hannu, ka kunna sifikar, ka jira ka ji alamar cewa ta haɗu da waya, sannan ka sa wayar a aljihu ko a akwatin dashbod inda idonka ba zai riƙa kai mata ba. Idan ka manta ba ka kunna ba har ka hau titi, ka bar ta sai ka tsaya.

Idan kira ya shigo, ka fara duba abin da ke gabanka kafin ka ɗaga hannu. A gudun kilomita 80 a awa mota tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, wato daƙiƙa uku na shagala sun kai mita 67, kuma a cikin wannan tazarar garken shanu zai iya ratsa hanya ko mai babur ya fito daga lungu. Akwai wuraren da bai kamata ko maɓallin a taɓa ba: shatale-talen cikin gari, cunkoson kasuwar Wunti da ta Muda Lawal inda masu Keke Napep ke kutsowa ta kowane gefe, kan gada kamar ta Dindima, tsakiyar garuruwan da hanya ta ratsa irin su Alkaleri musamman ranar kasuwa, lokacin wuce wata mota, lokacin ruwan sama ko hazon hunturu, da kuma dare. A irin waɗannan wurare a bar waya ta yi ta ƙara har ta gaji.

Abin da ya fi wahala a wurinmu shi ne gaisuwa. Ba a amsa kiran babba a ce masa "ina jin ka" a tsaye. Sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki, kafin a zo ga dalilin kiran an yi kilomita biyu. Kuma ƙin ɗaukar kiran mahaifi ko suruki yana da nauyi a zuciya. Maganin wannan shi ne a sanar da su tun kafin a tashi: "Baba, zan kama hanyar Gombe yanzu, idan kun kira ban ɗauka ba ina tuƙi ne, da na tsaya zan kira ku." Babu dattijon da zai ɗauki wannan a matsayin raini, hasali ma addu'a zai bi ka da ita. Wanda kuma ya ga dole sai ya amsa, ya sani cewa a idon doka ko gajeren amsawa laifi ne, don haka mafi dacewa shi ne ya kunna sigina, ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya a wurin da ake hango shi daga nesa, ba a kan kwana ko bayan tudu ba, sannan ya yi maganarsa ta sifikar a natse. A hanyar da babu tsaro ko da dare, a jira sai an isa gari ko gidan mai.

Na koyi wannan ne da kaina. Wata rana ina dawowa daga Gombe, bayan na wuce Alkaleri, yayana ya kira ni a kan maganar rabon wata gona. Hannayena biyu suna kan sitiyari, idona a buɗe yana kallon hanya, na kuwa ɗauka babu wata matsala. Muna cikin ja-in-ja a kan iyakar gonar, ban farga ba sai ganin bayan wata motar itace na yi ya cika gilashina, tana tafiya kamar ba ta tafiya, babu fitilar birki. Na taka birki har tayoyi suka yi ƙara. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne na kasa tuna komai na hanyar da na bi a mintunan da suka gabata. Idona ya ga motar tun daga nesa, amma hankalina yana gona. Tun daga ranar, maganar kuɗi da ta gado da duk wadda za ta tayar da rai ba na yin ta sai mota tana tsaye.

Akwai kuma haƙƙin wanda ya kira. Sifika a fili take magana, kowa a motar yana ji. Idan akwai mutane tare da kai, abu na farko da za ka faɗa bayan sallama shi ne, "Hajiya, ina cikin mota da mutane, a sifika kike." Rashin faɗin haka cin amana ne, kuma ya sha jawo jin kunya tsakanin miji da mata da tsakanin abokan ciniki. Direban haya da ke ɗauke da fasinjojin da bai sani ba ya ƙara kiyayewa: kada ya ambaci adadin kuɗin da ke jikinsa, ko lambar asusu, ko inda zai kwana.

Idan ta ƙi aiki

Yawancin matsalolin ba su wuce uku ko huɗu ba. Idan wayar ba ta ga sifikar ba, galibi sifikar ta riga ta haɗu da wata wayar da ta sani a kusa, misali ta uwargida ko ta yaron da ya gwada ta jiya, sai a kashe Bluetooth na waccan. Idan suna haɗuwa suna rabuwa, a goge sunan na'urar daga wayar ta hanyar taɓa Forget ko Unpair, a kashe duka biyun a kunna, a sake haɗawa daga farko. A kuma duba ko tsarin tattalin batir na wayar ne ke yanke haɗin. Idan kira ya yanke a tsakiyar daji, sau da yawa sabis ne ya ɗauke, ba laifin sifika ba ne, kuma ciro waya domin duba sandunan sabis ana cikin gudu shi ne ainihin abin da aka sayi na'urar domin a guje masa. Kiran WhatsApp yana fita ta sifikar, amma a wasu wayoyin maɓallin amsawa ba ya ɗaukarsa, don haka a gwada wannan ma tun a gida. Wani abin dariya da ke faruwa shi ne mutum ya faka a ƙofar gida ya shiga zaure, kira ya shigo, ya yi ta "halo, halo" ba ya jin komai, ashe muryar tana can tana fita a cikin motar da ke rufe, tun da tazarar ba ta kai mita 10 ba. Wasu samfuran suna kashe kansu idan motsi ya tsaya, sauran kuwa sai an kashe su da hannu.

Zafin bazara shi ne ke kashe waɗannan na'urori a yankinmu. A watannin Maris da Afrilu, cikin motar da aka rufe aka bari a rana yana iya haura digiri 60, batirin litiyam kuwa ba a so a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, kuma makarin rana yana dab da rufin mota, wurin da ya fi ko'ina ɗaukar zafi. Sifikata ta farko haka ta lalace: na bar ta a maƙale kwana da kwanaki a filin ajiye motoci na wurin aiki, wata rana na ga murfinta ya ɗago, batirin ya kumbura kamar ƙosai. Batirin da ya kumbura ba a sake yi masa caji, ba a huda shi, ba a kuma jefa shi cikin sharar da za a ƙona, domin yana iya kamawa da wuta. Idan za ka bar mota a rana, ka cire na'urar ka tafi da ita, ko aƙalla ka sa ta ƙarƙashin kujera. Da hunturu kuma ƙura takan toshe ɗan ramin makirufo har murya ta dusashe. Busasshen burushin haƙori mai laushi ya isa ya share shi, ba a soka allura a ciki. Mai samfurin FM ya duba ko fitilar na'urarsa tana mutuwa idan ya zare makulli, domin a wasu motocin ramin sigari yana ba da wuta ko inji a kashe yake, kuma idan motar za ta yi kwanaki ba a tayar da ita ba, ya zare na'urar kada ya dawo ya tarar batirin mota ya yi sanyi.